Mun Ɗauka Basir Ne

Maigidana tela ne, ɗinkin maza yake yi: kaftani, babbar riga, 'yar shara. Shagonsa yana bayan kasuwar Kazaure, inda in ka tsaya a bakin ƙofa kana hango duwatsu. Aurenmu na biyu ne a gare mu duka. Mijina na fari direban babbar mota ne, mutumin Gwiwa, hatsari ya ɗauke shi ina da goyo. Shi kuma matarsa ta fari ta rasu tun kafin in san shi, bayan ta daɗe tana fama da zubar jini. Ba ya son zancenta, ni ma ban taɓa tonawa ba. Ya ɗauko ni daga Roni da 'yata a baya, ya riƙe ta kamar shi ya haife ta, Allah ya ƙara mana maza biyu.

Ban ji labarin ciwon daga bakinsa ba, a wurin wanki na gani. Ɗigon jini ne a wandonsa, yau akwai, gobe babu. Da abin ya ƙi ƙarewa sai na tambaye shi, ina kallon gefe.

"Basir ne," ya ce. "Wane tela ne ba shi da basir? Zama ne ya yi yawa."

Na yarda, don haka kowa zai ce. A wajenmu in namiji ya yi kukan bayansa, basir ne. In ya rame, basir ne. In tuwo ya fita ransa, shi ne dai. Ranar kasuwa masu magani suna zagayawa da mota da lasifika suna lissafa alamominsa, har ka rasa wanda zai ce shi lafiyarsa ƙalau. Sai na ɗaura ɗamara. Na cire yaji daga miyarsa, na rage mai, na hana shi rake da yake so. Mahaifiyata ta aiko da sassaƙe daga Roni, nake jiƙa masa yana sha da safe. Da yamma in dafa bagaruwa in zuba a baho ya zauna a ciki. Yakan fito ya ce ya ji daɗi, ni kuma in ji na isa mace.

A shago ya naɗe ragowar ƙyallaye ya yi gammo ya ɗora kan kujerar keke, yake zama a kai. Da zaman ya gagara sai ya bar wa ƙanensa keken, shi ya koma yanka a tsaye. Damina ta wuce, wata ta zo. Ya gaya mini akwai ɗan ƙullutu a wurin, mai tauri, ba ya komawa ciki. Sau ɗaya tak na ce masa, "Malam, ko asibiti za ka leƙa?"

"In je in tuɓe wa ɗan cikina wando?" ya ce.

Na yi dariya. Shi ma ya yi. Maganar ta mutu a nan, na koma kan bagaruwata.

Babban wansa, wanda duk gidan muke kira Yaya, ɗan kasuwar hatsi ne a Babura. Wata rana aka yi rasuwa a can, maigida ya hau babur ya tafi gaisuwa. Kafin ya isa jini ya jiƙe masa wando har ya fito ta riga. Yana sauka jiri ya kwashe shi a ƙofar gidan. Yaya bai tsaya jin ta bakinsa ba, ya sa shi a mota sai asibitin Kazaure, ya aiko aka kira ni. Likitan da ya duba shi bai daɗe a ciki ba. Ya fito yana cire safar hannu ya ce, "Wannan ba basir ba ne. Ku kai shi Kano."

A Kano suka yanki ɗan nama a wurin suka kai gwaji, suka ce mu dawo. Ranar da muka koma, mu uku muka shiga: ni da shi da Yaya. Likitan matashi ne, mai magana a hankali. Ya ce sankara ce ta dubura, wato ciwon daji, kuma ta yi girma, amma bai ga alamar ta bazu nesa ba, akwai abin da za a iya yi. Yaya ya yi salati. Maigida yana tsaye ya dafa bango.

"Me ke kawo ta, likita?" Yaya ya tambaya.

"Galibi wata ƙwayar cuta ce, ana ce mata HPV. Ta hanyar saduwa ake ɗaukarta. Ita ce dai ke kawo wa mata sankarar bakin mahaifa."

Na san sunan nan.

Bayan na yaye autanmu, ma'aikatan lafiya sun zo asibitinmu suna duba mata kyauta, muka je da maƙwabciyata. Wadda ta duba ni ta ce ta ga ɗan tabo a bakin mahaifata, ba sankara ba ne tukuna, amma in an bar shi zai iya zama. Nan take suka ƙona shi da wata 'yar na'ura. Ta faɗi sunan ƙwayar da ke kawo shi, haruffa uku ɗin nan. Muna fitowa na tambayi matan da ke kan layi ko abin yana taɓa maza, wata ta ce ai ciwon mata ne, namiji ba shi da mahaifa. Da na dawo gida na ce wa maigida an ga ɗan ciwo irin namu na mata, an ƙona. Ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Na koma aka sake dubawa aka ce ya warke, na manta da zancen.

Yanzu ga sunan ya dawo a bakin wani likita, a kan mijina. Kafin in dawo hayyacina likitan ya roƙi ni da Yaya mu ɗan ba su wuri. Da maigida ya fito, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Muka shiga mota muka bar Kano. Yana kwance a kujerar baya ta gefe ɗaya, kansa a cinyata, sai ya ce, "Yaya, ka san abin da yaron nan ya tambaye ni? Wai ko na taɓa neman namiji. Ni! Har da ɗibar jinina wai za a gwada ƙanjamau."

Ya faɗa ne don a taya shi jin haushi. Yaya bai taya shi ba. Ya kalli titi ya ce, "Allah ya kyauta."

Gwajin ƙanjamau ya fito babu komai. Amma magana ta riga ta fita. Ina jin Yaya matarsa kawai ya gaya wa, don ransa ya yi nauyi, ita kuma ta gaya wa wadda ta amince da ita. Kafin mu gama shirin komawa Kano, zancen ya riga mu zagaya unguwa. Na shiga gidan suna, mata suna hira, suka yi tsit. Wata dattijuwa ta gaishe ni da mai jiki, sannan ta juya ga ta kusa da ita ta ce, "Allah dai ya rufa mana asiri. Ciwo ma akwai na mutunci." Ƙanensa ya zo ya ce wani alhaji ya aiko a karɓo masa shaddarsa da ba a yanka ba. Abokan zamansa na bakin shago, waɗanda kullum suke shan shayi tare, 'yan kaɗan ne suka taka ƙofar gidanmu.

Ni kuwa ina da maganar da za ta iya kashe wutar nan. In na buɗe baki na ce an taɓa samun ƙwayar nan a jikina, ga inda mijina ya samo ta, kowa zai fahimta. Amma na san inda harsuna za su juya. Bazawara ce, matar direba, wa ya san abin da ta kwaso? Na tuna 'yata da za a yi wa gori da ni. Na tuna dangin mijin da har yanzu wasunsu suke ganina bare. Kullum in ce gobe zan faɗa, gobe ta yi in tarar bakina ya yi nauyi.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muni. Wata rana da la'asar yana barci, ina zaune ina tsince shinkafa, sai na tsinci kaina ina bin abokansa ɗaya bayan ɗaya a zuciyata. Wane ne ya fi zuwa? Wane ne suke daɗewa? Mutumin da na san shigarsa da fitarsa, wanda ko kallon banza ban taɓa kama shi da shi ba. Shaiɗan ya nuna mini cewa in zargin gaskiya ne, to ni na fita daga laifi. Na yi ta'awwuzi na tashi na bar shinkafar, amma na riga na yi tunanin, ba ya gogewa.

Maganin ya ɗauke mu lokaci mai tsawo a Kano, a gidan wata gwaggona muka sauka. Saboda ƙullutun ya kusa toshe hanya, sai da suka fara buɗe masa ƙofa a gefen ciki, bayan gida yake fita ta nan ya zuba a wata 'yar jaka da ake mannawa. Sannan aka shiga gashin ƙullutun da na'ura, ana haɗawa da maganin da ake ƙara masa ta jijiya. Fatar wurin ta saɓule kamar wanda ruwan zafi ya ƙona. Bakinsa ya yi gyambo, kunu ma sai da lallashi. Ni nake wanke shi, ni nake canza jakar. Mutumin da ya ƙi tuɓe wa likita ɗaya, yanzu ba ranar da ba a buɗe shi. Bai taɓa yi mini tsawa ba. Duk sanda na gama sai ya ce, "Sannu. Allah ya biya ki." Wannan addu'ar ta fi zagi yi mini ciwo.

Abin da ya fi damunsa salla ce. Yana ganin da jakar nan a jikinsa ba shi da tsarki, har ya fara jinkirta salla yana kuka. Gwaggo ta kira limamin unguwarsu. Dattijon ya zauna a bakin tabarma ya ce masa lalura ce, ya tsaftace abin da zai iya, ya yi alwala ya yi sallarsa, Allah bai ɗora wa rai abin da ba zai iya ba. Ranar ya ci abinci.

Wata safiya bayan mun dawo daga gashi, na gama shafa masa magani, yana kwance ya fuskanci bango. Ba tare da ya juyo ba ya ce, "Ƙanena ya gaya mini abin da ake faɗa a gari."

Na rufe kwalbar maganin.

"Ke ma kin yarda?"

"A'a, Malam."

"Ki faɗa mini gaskiya. In kin yarda ba zan ga laifinki ba. Yaya ma da muka sha nono ɗaya ya yarda."

Nan kuka ya ƙwace mini. Na durƙusa a gefen katifar na gaya masa komai: tabon da aka ƙona, sunan ƙwayar, yadda na gane shi a bakin likita, yadda na yi shiru ana cin namansa. Na ce, "Ni na kawo maka. Daga gidana na fari na taho da ita. Kuma ni na yi ta dafa maka bagaruwa abin yana girma. Ka yafe mini."

Ya juyo da ƙyar, yana cije leɓe, ya dube ni.

"Tun ranar da likita ya ce ita ce ke kama mahaifar mata," ya ce, "marigayiya nake gani. Jini ta yi ta zubarwa, ga wari, ga ciwon mara. Muka ce iska ce, muka ce sammu ne. Har ta rasu ban kai ta inda za a duba ta da kyau ba. Da kika ce an ƙona miki ciwo ban kawo komai a raina ba. Yanzu kuwa na ce, ashe ni ne. Na kashe waccan, na shafa wa wannan. Shi ya sa da na ji abin da ake faɗa ban tashi na kare kaina ba. Na ce alhaki ne, ta wata ƙofar ya biyo."

Muka zauna kowa yana kallon ɗan'uwansa. Ashe duk tsawon kwanakin nan a ɗaki ɗaya muke kwana, kowa da kayansa a ka, kowa yana ɓoye wa ɗaya.

Da muka koma asibiti shi ya fara magana. Ya ce, "Likita, tsakanina da ita wa ya shafa wa wani?"

Likitan ya ajiye abin rubutunsa. Ya ce ba wanda zai iya sani, ko shi, ko wanda ya fi shi. Ƙwayar ta zama ruwan dare, mutane da yawa da suka yi aure sun taɓa ɗaukarta ba su sani ba, jikinsu ya kore ta da kansa. A wasu kaɗan ne take maƙalewa ta yi shekaru tana aiki a ɓoye. Fata da fata take bi, tana iya tashi daga gaba ta koma baya, ko a hannu ma. Ya ce, "Baba, tambayar da na yi maka rannan kowa nake yi wa, don waɗanda suke wannan harkar da masu raunin garkuwar jiki sun fi shiga haɗari, dole in san wanda nake yi wa magani. Amma na ga maza da yawa da wannan ciwo waɗanda matansu kawai suka sani. Kuma ko wane ne ya zo, ciwo ciwo ne, magani za mu yi masa." Game da marigayiya ya ce ba zai iya yanke hukunci a kan wadda bai duba ba.

Na tambaye shi, "Da mun zo da wuri fa?"

Bai yi mini ƙarya ba. Ya ce da wataƙila ba a kai ga jaka ba.

Da aka sallame mu muka dawo gida, na ce wa maigida zan je Babura. Ya ce in bari, mai faɗa ya faɗa. Na ce wannan karon ba zan bari ba. Na sami Yaya a zaure ana auna gero, na jira har mutane suka watse, na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa abin da na faɗa wa maigida da abin da likita ya ce. Ban rage komai ba.

Ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Can ya ce, "Kin san wannan tun ranar da muke cikin motar nan?"

"Na sani, Yaya."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Tsoro."

Ya girgiza kai. "Ke tsoro ya hana ki magana. Ni kuma da na yi shiru a inda ya kamata, da duk ba a kai nan ba. Tashi ki shiga ciki ki sha ruwa."

Ranar Juma'ar da ta biyo ya zo Kazaure da yadi a leda. Ya sa aka kawo maigida shago, ya tsaya a bakin ƙofa inda kowa zai gani, ya miƙa hannuwa ya ce maigida ya auna shi da kansa. Daga nan suka tafi masallaci tare, a hankali, Yaya yana riƙe da hannunsa.

Maganar ba ta mutu gaba ɗaya ba. Wasu sun dawo da ɗinkinsu, wasu har yau ba su dawo ba. Kamar yadda na zata, wani kason ya juyo kaina. Akwai gidajen da in na shiga nake ganin ana kallona ta wutsiyar ido. Ban ji zafinsa kamar yadda na yi tsammani ba. Abin da nake ji shi ne, wannan ɗan nauyin ne na ƙi ɗauka, na bar marar lafiya ya ɗauka shi kaɗai a kan ciwonsa.

Yanzu ƙullutun ya ƙone, likitoci sun ce ba su ga alamarsa ba, amma za su ci gaba da dubawa. Jakar tana nan, wurin ya ƙanƙance da tabo, ba su ba mu tabbacin za a mayar masa da hanya ba. Ya rame, furfura ta cika masa gemu. Yakan je shago da safe ya yi yanka, azahar ta yi ya dawo ya kwanta. Kaftaninsa yanzu da ɗan faɗi yake yanka shi, don kada jakar ta nuna. In wani a bakin shago ya yi kukan basir, sai ya ce masa, "Je a duba ka tukuna. In basir ne ka dawo ka sha jiƙonka." Wasu su yi dariya, wasu su sauya zance. Ya ce mini ya yafe mini tun a Kano, kuma in na sake tada maganar yakan ce, "To ni wa zai yafe mini?" Ina yi wa marigayiya addu'a yanzu, matar da ban taɓa gani ba.

Da aka zo yi wa 'yan mata allurar rigakafin ƙwayar nan a makarantar su 'yata, unguwa ta ɗauki surutu, wai ta hana haihuwa ce. Maƙwabta da dama suka hana 'ya'yansu fita ranar. Maigida ya sa rigarsa ya ce wa yarinyar ta ɗauko hijabinta. Na ce ya bari ni in kai ta, rana ta yi zafi. Ya ce shi zai kai. Suka hau a-daidaita-sahu, yana zaune a gefe ɗaya na mazauninsa yana riƙe da ƙarfe.

Da suka dawo tana murza damtse tana ɓata fuska, shi kuma ya zauna a inuwa yana haki. Na kawo masa ruwa. Ya sha, ya dubi 'yan mazanmu biyu da ke ƙwallo a tsakar gida.

"Na tambayi mai allurar ko za a yi wa waɗannan," ya ce. "Ta ce a yanzu ta mata kawai aka ba su."

"To ya za a yi?"

"In mun koma Kano ganin likita, ki tuna mini in tambaye shi. Ke kin fi ni riƙe magana."